Awon zuciya a sararin samaniya: me ya sa sakamakon bincike ke saɓa wa juna?

Ranar 18 ga Maris, 2025, kumbon kamfanin SpaceX ya sauka a teku daura da gaɓar jihar Florida ta Amurka ɗauke da 'yan sama jannati huɗu. Biyu daga cikinsu, Suni Williams da Butch Wilmore, sun tafi ne da shirin yin kamar mako guda, amma matsalar kumbon da ya kai su ta sa suka shafe kwana 286. Da aka fito da su, sai aka ɗora kowanne a kan gadon tura marasa lafiya. Haka ake yi wa duk wanda ya daɗe a can, domin jiri da rashin daidaiton jiki na iya kayar da shi, amma hoton ya sake tayar da tambayar da aka jima ana yi: me zaman sama ke yi wa zuciyar ɗan Adam?

Wanda ya bi amsoshin da ke yawo zai rikice. Wani rahoto ya ce zuciya tana ƙanƙancewa. Wani ya ce tana tura jini fiye da yadda take yi a ƙasa. Wani kuma ya ce a jijiyar wuya jini kan tsaya cik, har ma ya juya baya. Dukkansu daga bincike na gaskiya suka fito. Tushen ruɗanin yana wajen awon kansa: da wace na'ura aka auna, wane zato aka gina na'urar a kansa, kuma da wane yanayi na ƙasa aka kwatanta sakamakon.

## Kalmomi uku da ya kamata a fara warwarewa

Ta farko ita ce rashin nauyi. Mutane da yawa na ɗauka cewa a can sama ƙarfin da ƙasa ke jan abubuwa da shi ya ƙare. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana tazarar kimanin kilomita 400 ne kacal daga doron ƙasa, kuma a wannan tazarar jan ƙasa yana nan da kusan kashi 90 cikin ɗari na ƙarfinsa. Abin da ke faruwa shi ne tashar da duk wanda ke cikinta suna faɗowa tare, ba tsayawa, yayin da suke gudun kimanin kilomita 28,000 a sa'a, suna zagaye duniya duk bayan kusan minti 90. Tunda komai tare yake faɗowa, babu abin da ke danna wani. Jinin da ke cikin jijiya ma ba ya danna ƙasa, don a wurinsa babu sama babu ƙasa.

Ta biyu ita ce aikin zuciya. Yawan bugu a minti ɗaya ɓangare ne kawai, kuma shi ne mafi sauƙin aunawa. Tun tafiyar Yuri Gagarin a 1961 ake aiko da shi ƙasa ta rediyo. Abin da likita ya fi son sani shi ne yawan jinin da zuciya ke turawa a bugu guda, wanda a babban mutum mai hutawa yake kai kimanin mililita 70, da kuma jimillar abin da take turawa a minti ɗaya, kimanin lita 5. Sai matsin jinin a cikin jijiyoyi, da girman ɗakunan zuciya, da kaurin naman bangonta.

Ta uku ita ce awo ba tare da huda jiki ba. A asibiti, hanyar da aka daɗe ana ɗauka a matsayin ma'aunin ƙoli ita ce a zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya a auna kai tsaye. Duk wata hanya da ke aunawa daga wajen fata, sauti ne ko numfashi ko bugun yatsa, ba ta taɓa jinin ba. Alama take gani, sai ta yi lissafi. Wannan lissafin kuwa a doron ƙasa aka tsara shi, a jikin mutanen da nauyi ke aiki a kansu.

## Inda jini ke komawa idan nauyi ya gushe

Mutumin da ke tsaye a ƙasa dogon bututu ne cike da ruwa. Matsin jini a ƙafarsa kan kai wajen 200 a ma'aunin da ake awon hawan jini da shi, a daidai zuciya kimanin 100, a kai kuma wajen 70. Jiki ya saba da wannan bambancin: jijiyoyin ƙafa suna matsewa, tsokokin ƙwauri suna tura jini sama, duk don kada ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta.

Da zarar kumbo ya shiga zagaye, bambancin ya shafe. Ruwan da ya kai kimanin lita 2 kan bar ƙafafu ya hau ƙirji da kai. Fuska ta kumbura, hanci ya toshe kamar mai mura, jijiyoyin wuya su fito raɗo-raɗo, ƙafafu kuwa su sirance. Jiki sai ya ɗauka ruwa ya yi masa yawa, ya shiga ragewa. Cikin 'yan kwanaki ruwan jini kan ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, jajayen ƙwayoyin jini ma su bi baya.

A can sama wannan ba ya hana aiki. Ranar dawowa ce ake biyan bashin. Jinin da ya riga ya ragu ya ruga ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta ji ƙaranci. A wani bincike da aka wallafa a 1996, cikin 'yan sama jannati 14 da suka dawo daga gajerun tafiye-tafiye, 9 sun kasa tsayuwar minti 10. A watan Satumban 2006, Heidemarie Stefanyshyn-Piper ta sulale tana tsaka da jawabi a wajen bikin tarba a Houston, kwana guda bayan saukarta. Saboda irin wannan ne hukumomin sararin samaniya suka damu da su san ainihin abin da zuciya ke ciki tun mutum yana can.

## Lokacin da aka huda

An taɓa gwada awon kai tsaye. A watan Yunin 1991 kumbon Columbia ya tashi da ɗakin gwaji na musamman kan lafiyar jiki, cikin matafiyan har da Drew Gaffney, likitan zuciya. Kafin tashi an zura masa bututu ta jijiyar hannu zuwa babbar jijiyar da ke shiga zuciya, ya hau kumbo da shi a jikinsa. Kowa ya sa ran matsin jini a wannan wuri zai ƙaru, tunda ruwa ya tattaru a ƙirji. Sai ya faɗi. A lokaci guda kuma hoton sauti ya nuna zuciyar ta cika fiye da da.

Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne, idan nauyi ya gushe, ƙirji na buɗewa, kayan ciki da huhu su daina danne zuciya daga waje. Zuciyar sai ta samu sarari ta cika sosai ko da matsin da ke cikinta ya ragu. Wannan gwajin ya nuna abu mai muhimmanci: dangantakar da aka saba da ita a ƙasa tsakanin matsi da cikar zuciya ba lallai ta tsaya yadda take ba a sama. Duk na'urar da lissafinta ya jingina da irin wannan dangantaka tana iya ba da lamba mai kyan gani amma ba daidai ba.

Huda kuwa ba abin da za a riƙa maimaitawa ba ne. Mutane ƙalilan aka yi wa, na ɗan lokaci a farkon tafiya. A tashar da babu ɗakin tiyata, babu wurin ajiyar jini, bututu a cikin jijiya na iya jawo ƙwayar cuta ko gudan jini. Ga wanda zai yi wata shida, dole awo ya zama daga waje.

## Hoton sauti, wato eko

Na'urar da ta fi kowace amfani ita ce irin wadda ake yi wa mai juna biyu sikanin da ita. Tana aika sautin da kunne ba ya ji cikin jiki, ta karɓi amonsa, ta mayar da shi hoto. Idan zuciya aka duba da ita, likitoci kan ce an yi eko. Tana kuma iya nuna gudun jini da inda ya dosa, domin amon da ya dawo daga jinin da ke nufo kan na'urar ya bambanta da na wanda ke nesantarsa.

Tun 1982 aka kai irin wannan na'ura tashar Salyut 7 ta Tarayyar Sobiyet, a shekarar da Jean-Loup Chrétien na Faransa ya ziyarce ta. A 1984 likitan zuciya Oleg Atkov ya yi kusan wata takwas a tashar yana duba abokan tafiyarsa. Amurka ta bi sahu a 1985, lokacin da Rhea Seddon, wadda ita ma likita ce, ta yi eko a cikin kumbon Discovery.

Matsalar ita ce ba kowace tafiya ake samun likita ba, kuma eko sana'ar hannu ce. Karkata kan na'urar kaɗan na iya sa ɗakin zuciya ya fito ƙarami ko babba. Daga 2003 zuwa 2005, wani shiri ƙarƙashin Scott Dulchavsky, likitan tiyata a asibitin Henry Ford da ke Detroit, ya gwada wata dabara: a ba ɗan sama jannati horon sa'o'i kaɗan, sauran aikin ƙwararre ya jagorance shi daga ƙasa. Yadda abin ke gudana ke nan. Mutumin ya maƙale ƙafafunsa a madauri don kada tura na'urar a ƙirjinsa ta sa ya yi baya. Maimakon man da ake shafawa a asibiti yana iya amfani da ruwa, tunda a can ɗigon ruwa manne wa fata yake yi, ba ya gangarewa. Hoton yana isa ƙasa da jinkirin daƙiƙoƙi kaɗan, ƙwararren yana kallo yana ba da umarni gajeru: matsa hagu, juya kaɗan, riƙe numfashi, tsaya nan. Har maɓallan na'urar an raba su da launuka don a faɗi launi da lamba kawai. Hotunan da aka samu ta haka sun kai a yi aikin likitanci da su. Faransawa, ƙarƙashin Philippe Arbeille na birnin Tours, sun ƙara gaba da kan na'ura mai ɗan inji a ciki, wanda ƙwararre ke juyawa daga Toulouse. Thomas Pesquet ya yi aiki da shi a 2017.

Eko ma tana da nata zaton. Hoton da take bayarwa yanki ne shimfiɗaɗɗe, daga shi ake lissafa girman ɗaki mai zurfi, bisa ɗaukar cewa siffar zuciya sananniya ce. Wani bincike kan 'yan sama jannati 12 da aka gabatar a 2014 ya gano cewa a sama zuciya kan ƙara zama kewayayya da kashi 9.4 cikin ɗari. Wurin zamanta a ƙirji ma yana ɗan gusawa. Ke nan mai awo yana bin abin da ya sauya siffa ya kuma sauya mazauni.

## Jaka, yatsa da girgizar jiki

Hanya ta biyu numfashi take bi. Mutum ya toshe hanci, ya kama bakin wata jaka da leɓɓansa, ya yi ta shaƙa yana mayarwa cikinta na kimanin rabin minti ko ƙasa da haka. A cikin jakar akwai iskar shaƙa gauraye da wasu iskoki biyu 'yan kaɗan: ɗaya tana narkewa a jini, ɗayar ba ta narkewa. Wadda ba ta narkewa tana nuna girman sararin da iskar ta bazu. Mai narkewar kuwa jinin da ke ratsa huhu ne ke kwashe ta, don haka saurin ɓacewarta daga jakar shi ne ma'aunin yawan jinin da ke wucewa. Tunda duk jinin da zuciya ta tura sai ya bi ta huhu, an samu abin da take turawa a minti ke nan. Tushen wannan tunani yana komawa ga Adolf Fick, masanin Jamus, a 1870.

Hanya ta uku ɗan madauri ne da ake sa wa yatsa, wanda ke bin matsin jini bugu bayan bugu. Jan Peňáz na ƙasar Cek ne ya samar da dabarar, Karel Wesseling da abokan aikinsa a Holan suka mayar da ita na'ura. Daga siffar kowane bugu, kwamfuta na ƙiyasta yawan jinin da zuciya ta tura. Don yin haka sai an faɗa mata shekarun mutum, jinsinsa, tsawonsa da nauyinsa, ita kuma ta zaci taushin babbar jijiyarsa. A nan rauninta yake.

Ta huɗu ita ce wadda rashin nauyi ya yi wa rana. Duk wanda ya ga maharbi ya saki bindigar toka ya san tana bugun kafaɗarsa. Haka zuciya take: duk lokacin da ta harba jini sama, jiki na ɗan motsawa ƙasa. Isaac Starr na Jami'ar Pennsylvania ya yi fice da auna wannan motsi tun ƙarshen shekarun 1930, da wani gado mai lilo. Sai dai a ƙasa gado da daɓe suna shanye mafi yawan motsin, aka kuma yi watsi da hanyar bayan bayyanar eko. Mutumin da ke shawagi a sama ba ya jingine da komai, saboda haka ƙaramar na'urar jin motsi da aka ɗaura a bayansa tana iya ɗaukar girgizar ta kowace fuska. An yi haka a tafiyar ɗakin gwajin Jamus a kumbon Columbia a 1993, Rashawa kuma sun ci gaba da shi a ɓangarensu na tashar. 'Yar'uwar wannan hanya, wato auna rawar ƙashin ƙirji, Roman Baevsky ya fara aiki da ita ga 'yan sama jannatin Sobiyet tun shekarun 1960. Yau ana saka irin waɗannan na'urori cikin riga, kamar wadda Samantha Cristoforetti ta Italiya ta kwana da ita a 2015. Amfaninsu shi ne ba sa buƙatar ƙwararre kuma suna aiki ko mutum na barci. Sun fi ƙarfi wajen nuna lokacin buɗewa da rufewar ƙofofin zuciya da sauyin ƙarfin bugu, sun fi rauni wajen faɗin adadin lita.

## Inda masana suka rabu

Shekaru da dama ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne, bayan kwanakin farko, jinin da zuciya ke turawa yana raguwa kaɗan ko ya tsaya yadda yake. Awon eko da aka yi a Mir, tsohuwar tashar sama ta Rasha, ya goyi bayan haka, kuma ya dace da hankali: jini ya ragu, aiki ya ragu.

A 2015 Peter Norsk, masani ɗan Denmak, da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon awon jakar numfashi a kan maza 8 da suka yi wata uku zuwa shida a tashar ƙasa da ƙasa. Jinin da ake turawa a bugu guda ya ƙaru da kashi 35 cikin ɗari, na minti ɗaya ya ƙaru da kashi 41, matsin jini na yini guda kuma ya sauka da kimanin maki 8 zuwa 10. Fassararsu ita ce jijiyoyin jiki sun saki, zuciya na turawa cikin sauƙi.

Rabin wannan saɓani ba ya buƙatar dogon jayayya. Eko a ƙasa a kwance ake yin ta, kuma mai kwanciya zuciyarsa a cike take. Norsk kuwa da mutum a zaune ya kwatanta, lokacin da jini ya riga ya gangara ƙafafu. Adadi ɗaya a sama zai iya zama ragi idan an auna shi da kwance, ya zama ƙari idan an auna shi da zaune. Masu bin ma'aunin zaune suna cewa ɗan Adam a miƙe yake shafe yawancin yininsa, don haka wannan ne halinsa na yau da kullum. Masu bin na kwance suna cewa kwanciya ce ta fi kusa da yanayin da nauyi ba ya jan jini zuwa ƙafa, ita ce za ta nuna ko zuciyar kanta ta sauya. Kowane ɓangare na da hujja, tambayoyinsu ne suka bambanta.

Ɗaya rabin ya fi wuya. Richard Hughson na Jami'ar Waterloo a Kanada ya haɗa hanyoyi biyu a jikin mutane ɗaya, ya wallafa a 2017. Jakar numfashi ta nuna ƙarin da ya haura kashi 40 cikin ɗari. Madaurin yatsa ya ce babu sauyi. A nan ba za a ɗora laifi kan zama ko kwanciya ba, tunda ma'aunin farawa ɗaya ne. Masu binciken sun fi zargin lissafin yatsa, kuma akwai dalili: wani aikin Hughson ɗin ya nuna jijiyar wuya mai kai jini ƙwaƙwalwa tana ƙara tauri bayan wata shida a sama, kwatankwacin tsufan shekara 10 zuwa 20. Idan halin jijiyoyi ya sauya alhali kwamfuta tana aiki da tsohon zato, lissafi zai kauce. Jakar ma ba ta tsira daga tambaya ba. Numfashi mai zurfi da ake yi lokacin awon yana iya jawo ƙarin jini zuwa ƙirji, kuma yadda iska da jini ke rarrabuwa a huhu ya fi daidaita a sama fiye da a mutumin da ke zaune a ƙasa, wanda hakan kan iya shafar kwatancen. Duk da haka, hujja ta fi karkata ga jakar, domin zatonta game da jikin mutum ya fi na yatsa ƙaranci.

Batun ƙanƙancewar zuciya ma haka yake. Awon da aka yi wa mutum huɗu bayan tafiyar kwana 10 ya nuna naman babban ɗakin hagu ya ragu da kashi 12 cikin ɗari, sai dai daga baya wasu sun nuna cewa raguwar ruwa a cikin naman na iya zama wani ɓangare na wannan. Scott Kelly, wanda ya yi kwana 340 daga 2015 zuwa 2016, ya riƙa rasa kimanin giram 0.74 a mako, amma aikin zuciyarsa bai lalace ba. Rukunin Benjamin Levine na Dallas, da suka bi mutum 13 masu zaman wata shida, ba su ga raguwa a jimlace ba, suka danganta hakan da motsa jikin kusan sa'a biyu da ake yi kullum a tashar. Ya kamata mai karatu ya lura da lambobin: 4, 8, 12, 13. Duk mutanen da suka taɓa zuwa sama ba su kai dubu ba, yawancinsu maza ne masu ƙoshin lafiya da aka tace. Ana ƙara cike giɓin da gwaje-gwajen ƙasa, kamar kwantar da masu sa kai makonni kansu na gangare da digiri 6, ko jirgin Faransa da ke tashi daga Bordeaux yana sama yana nutsewa don samar da rashin nauyi na daƙiƙa 22. Kowanne kwaikwayo ne, yana kama wani ɓangare ya bar wani.

## Abin da aka tarar a jijiyar wuya

Akwai wurin da babu jayayyar lissafi, don gani ya kori ji. Wani bincike da Karina Marshall-Goebel ta jagoranta, aka wallafa a 2019, ya duba babbar jijiyar hagu da ke sauko da jini daga kai a jikin mutum 11. A ƙasa, nauyi ne ke taimaka wa wannan jinin ya gangaro. A wajen kwana na 50 a sama, 6 daga cikin 11 jininsu a wannan jijiya ko dai ya tsaya ko yana komawa sama. Jinin da ya tsaya kuwa daskarewa yake yi.

A jikin ɗaya daga cikinsu, wanda ba a bayyana sunansa ba, na'urar ta nuna gudan jini ya toshe jijiyar, wata biyu da fara zaman wata shida. Ba ya jin ciwon komai. Ba don yana cikin binciken ba, da babu wanda zai sani. Likitoci a ƙasa, ciki har da Stephan Moll na Jami'ar North Carolina, suka auna haɗari biyu: gudan ya ɓalle ya tafi huhu, ko a ba da maganin tsinka jini a wurin da babu maganin da zai warware shi idan jini ya ɓarke. Suka zaɓi magani. Allurar enoxaparin da ke tashar kwalba 20 ce kawai, aka yi ta lallaɓa ta har ƙwayar apixaban ta iso da kumbon kaya bayan kwana 43. Mara lafiyar shi ke duba wuyansa da kansa, likitocin hoto na jagorantar hannunsa daga ƙasa, gudan yana raguwa. An dakatar da magani kwana huɗu kafin sauka saboda jijjigar dawowa, kwana 10 bayan sauka kuma ba a sake ganin gudan ba.

Binciken ya kuma gwada Chibis, wani wandon Rasha mai tauri da ke zuƙe iska daga ƙugu zuwa ƙasa don jawo jini ƙafafu. A zama 10 cikin 17 gudun jinin wuyan ya gyaru yayin da ake sanye da shi.

## Abin da ya shafi wanda ba zai taɓa hawa kumbo ba

Na farko, mara lafiyar da ya daɗe a kwance yana fuskantar kusan abin da ɗan sama jannati ke fuskanta: ruwan jini ya ragu, ya miƙe ya ji jiri, ga haɗarin gudan jini. Abin da aka koya game da motsa jiki da mayar da ruwa yana amfanar masu jinya kai tsaye.

Na biyu, agogunan hannu da ake tallatawa da cewa suna awon hawan jini ba tare da madaurin damtse ba, su ma daga siffar bugu suke ƙiyasi, kuma masu inganci a cikinsu suna buƙatar a riƙa daidaita su da na'urar damtse lokaci zuwa lokaci. Abin da ya faru da madaurin yatsa a sama ya nuna yadda irin wannan lissafi ke kaucewa idan jiki ya fita daga halin da aka zata. Mai hawan jini bai kamata ya rage ko ya daina magani bisa lambar agogo ba.

Na uku shi ne eko daga nesa. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da ciwon raunin zuciya bayan haihuwa ya fi yawa a duniya. Likitoci a Zariya sun rubuta a kansa tun shekarun 1970, kuma eko ce ke tabbatar da shi. Ƙwararrun da ke iya yin ta kuwa a manyan asibitocin birane suka taru. Tsarin da aka gwada a tashar sama, wato hannu a wuri ɗaya ido a wani wuri, shi ne irin wanda zai iya haɗa ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibiti da likitan zuciya a Kano ko Sakkwato, musamman yanzu da ake da kan na'urar da ake jonawa da wayar hannu. Sharaɗinsa dai ba ƙarami ba ne: intanet da ba ya yankewa, wuta, da ƙwararren da aka ware wa lokaci ya zauna ya duba. Na'ura a hannun wanda ba shi da horo kuma ba shi da jagora tana iya sa a kwantar da hankalin mai ciwo ko a tsorata mai lafiya.

Su kansu masu shirin tafiya duniyar Mars wannan sharaɗin ne zai kuɓuce musu. Saƙo tsakanin can da nan na iya ɗaukar sama da minti 20 kafin ya isa, ba wanda zai iya cewa "matsa hagu" a kan lokaci. Shi ya sa ake gwada manhajojin da za su maye gurbin muryar ƙwararren. A 2020 an gwada ɗaya a tashar, inda aka ɗauki hoton ƙoda da mafitsara ba tare da jagora daga ƙasa ba. Waɗannan gaɓoɓi ne da ke zaune wuri ɗaya. Zuciya tana motsi, tana ɓoye tsakanin haƙarƙari da huhu, kuma a sama ta bar ainihin wurin da aka saba samunta, saboda haka ita ce gwajin da ya fi wuya a gaban masu wannan aiki.